Yadda Ake Haɗa Takardun Shigo da Kaya da Fitar da Su a Ghana: Jagora ga 'Yan Kasuwar Kumasi

Kasuwancin ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne ga Hausawan Kumasi, domin fataucin goro ta hanyar Salaga ne ya fara kawo kakanninmu wannan ƙasa tun kafin a gina tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 ko ta Tema a 1962. A wancan zamani amana da shaidar maigida sun isa falke ya karɓi kaya ya wuce. Yau kuwa ɗan kasuwar Aboabo ko Alabar yana sayayya a Guangzhou da Dubai da Istanbul, kuma jami'in kwastan da zai sallami kayansa bai san shi ba, bai san gidansu ba, abin da ya gani a kwamfuta kawai yake aiki da shi. Takardun kaya kamar shaidu suke a gaban alƙali: idan bakinsu ya zo ɗaya shari'a ba ta daɗewa, idan kuwa ɗaya ya saɓa wa sauran to kowa ya shiga tuhuma. Saboda haka aikin takardu yana farawa ne tun kafin a biya kuɗin kaya, kuma wajibi ne mai kaya ya fahimce su da kansa, ko da yana da ejan, wato wakilin fitar da kaya daga kwastan, da ya yarda da shi.

Kafin ka sayi komai

Mataki na farko shi ne ka zama sananne ga hukuma. Ka yi wa kasuwancinka rajista a ofishin rajistar kamfanoni na ORC, ko da sunan sana'a na mutum ɗaya ko a matsayin kamfani ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2019, sannan ka tabbatar kana da lambar biyan haraji ta hukumar tara kuɗin shiga ta GRA. Tun watan Afrilun 2021 lambar Ghana Card ita ce lambar harajin mutum, kamfani kuwa yana da tasa lambar daban. Bayan haka ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, domin ta nan za ka riƙa tura kuɗi waje, ta nan kuma kuɗin kayan da ka fitar zai dawo.

A wannan mataki akwai wata matsala da ta fi damun mutanen zango fiye da kowa, wato rubutun suna. Abu ne sananne a wurinmu mutum ɗaya ya kasance Muhammad a bakin malaminsa, Mohammed a fasfo, Mahama a takardar makaranta, ko kuma Abdullahi a gida amma Abdulai a Ghana Card. Idan mai sayar maka da kaya a Sin ya kwafi sunanka daga saƙon WhatsApp ya sa a takardar jirgi, sunan ya bambanta da wanda ke kan lambar harajinka, sai an nemi kamfanin jirgin ya gyara bayanan da ya riga ya miƙa wa kwastan, gyaran kuma yana cin kuɗi da kwanaki alhali kwantena na zaune a tasha. Ka ɗauki hoton takardar rajistarka ka aika wa mai sayarwa, ka gaya masa cewa harafi ɗaya kada ya canza, a suna ne ko a adireshi.

Mataki na biyu shi ne sanin lambar kayanka a jadawalin kwastan, wadda ake kira lambar HS. Wannan tsari ne na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a kusan dukan ƙasashe, a jadawalin ECOWAS kuwa ana cika su su zama goma. Ghana ta fara aiki da jadawalin bai ɗaya na ECOWAS a watan Fabrairun 2016, kuma ya raba kaya zuwa rukuni biyar: waɗanda ba a biyan kuɗin fito a kansu, da na kashi 5, da na kashi 10, da na kashi 20, da na kashi 35 cikin ɗari. Ɗanyen kayan masana'antu da injuna galibi suna ƙasa, kayan da aka gama sarrafawa don amfanin yau da kullum kuwa suna sama. Wanda ya san lambar kayansa tun yana Kumasi zai iya lissafa abin da zai biya a Tema, ya gane ko cinikin zai fitar da shi ko kuwa wahala kawai zai saya. Lambar da mai sayarwa ya rubuta ba hujja ba ce, domin shi da jadawalin ƙasarsa yake aiki, don haka a nemi ejan mai lasisi ya duba jadawalin da kwastan ɗin Ghana ke amfani da shi.

Mataki na uku, kuma wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne bincika ko kayan suna bukatar izinin wata hukuma, ko ma an haramta shigo da su baki ɗaya. Abinci da magunguna da kayan kwalliya da sabulai suna ƙarƙashin hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA bisa Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, kuma ana bukatar mai shigowa ya yi rajista, kayan ma a yi musu rajista kafin su iso. Wannan ya shafi Hajiyar da ke kawo man shafawa da kayan ƙamshi daga Dubai kamar yadda ya shafi babban mai shigo da shinkafa. Wayoyin wutar lantarki da kayan gini da sauran abubuwan da ake ganin suna da haɗari suna ƙarƙashin hukumar kula da inganci ta GSA, na'urorin sadarwa na hukumar sadarwa ta NCA ne, sinadarai da magungunan feshi na hukumar kare muhalli ta EPA ne, iri da tsirrai na sashen kare tsirrai na PPRSD ne a Ma'aikatar Abinci da Noma, nama da dabbobi kuwa sai da izinin sashen likitocin dabbobi. Dokar rubutun jikin kaya ta 1992 ta wajabta a yi bayanin da Turanci, don haka kwalin da aka rubuta da Sinanci ko Larabci ko Turkanci kaɗai zai tsaya. Tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki an hana shigo da su, haka ma tsofaffin katifu da kayan sawa na ciki da aka yi amfani da su. Masu harkar motoci kuma su sani cewa motar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa tana da tara ta musamman a kan kuɗin fito. Duk wannan binciken a yi shi kafin a tura ko sisi, domin kayan da suka iso ba tare da izini ba ko dai a riƙe su, ko a ci tarar mai su, ko a lalata su da kuɗinsa.

Takardun da mai sayarwa zai ba ka

Ciniki yana farawa da takardar tayi, wadda ake kira furofoma, inda mai sayarwa ke bayyana kaya da farashi da sharuɗɗa kafin a biya. A nan ne ake daidaita wanda zai ɗauki nauyin jigila, bisa ƙa'idojin Incoterms na Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris, waɗanda bugunsu na 2020 ya ƙunshi sharuɗɗa 11. Uku ne aka fi haɗuwa da su. Idan an rubuta EXW, daga ƙofar masana'anta komai a wuyanka yake. Idan FOB ne, mai sayarwa zai kai kaya har cikin jirgi a tashar ƙasarsa, daga nan kuɗin jirgi da inshora naka ne. Idan CIF ne, farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har Tema, amma bai haɗa da kuɗin fito ko cajin tasha ba, kuma mutane da yawa sun yaudaru da wannan suna zaton an biya musu komai. Game da inshora, Dokar Inshora ta 2021 ta tanadi cewa kayan kasuwanci da ake shigowa da su a yi musu inshora da kamfanin da ke da lasisi a Ghana, don haka ya fi dacewa ka sayi kaya a kan FOB ko a kan farashi da kuɗin jirgi kaɗai, ka yanki inshorar a gida, inda idan asara ta faru kana iya zuwa ofishinsu da ƙafarka.

Bayan an gama ciniki sai takardar farashi ta ƙarshe, wato inbois. Dole ta ɗauki cikakken sunan mai sayarwa da naka, da lamba da kwanan wata, da bayanin kowane nau'in kaya, da adadi, da farashin ɗaya da na jimla, da irin kuɗin da aka yi ciniki da shi, da sharaɗin jigila, da ƙasar da aka ƙera kayan. Bayani irin na “kayan gyaran mota” bai wadatar ba ga mai kai kaya Suame Magazine. A rubuta cewa birki ne guda kaza, matatar mai guda kaza, sababbi ne ko tsofaffi, domin kowanne yana iya faɗawa lamba daban. Abokiyar tafiyarta ita ce takardar jerin kaya, wadda ke nuna kwali nawa ne, me ke cikin kowanne, nauyinsa da kwali da kuma ba kwali, da girmansa. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan tebur ka bi su layi bayan layi da biro. Idan inbois ta ce kwali 400, jerin kaya ya ce 420 saboda mai sayarwa ya yi maka gyara ko ya cusa samfur, to a idon kwastan kwali 20 ɗin nan kaya ne da aka ɓoye, kuma kyautar da aka yi maka za ta koma tara. Duk abin da ya shiga kwantena, har da tsarabar iyali, a rubuta shi.

Wajibi ne in tsaya a kan al'adar nan ta roƙon mai sayarwa ya rage farashi a takarda domin kuɗin fito ya yi sauƙi. Wannan ha'inci ne, kuma ko ta fuskar riba ba dabara ba ce. Kwastan suna da tarihin farashin irin kayanka daga sauran masu shigowa, suna da ikon ƙin amincewa da abin da ka bayyana su ɗora nasu, kuma wanda takardarsa ta ƙarya ce ba shi da bakin ƙorafi. Sannan idan kaya suka jiƙe ko suka ɓace a teku, kamfanin inshora abin da ke rubuce zai biya. Wanda ya tura kuɗinsa ta banki yana da shaidar biya da za ta tsaya masa idan an yi jayayya kan daraja, abin da mai aikawa ta hannun 'yan canji ba shi da shi. Wanda kuma zai yi tafiya da tsabar kuɗi ya tuna cewa abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi.

Takarda mafi nauyi ita ce ta lodin jirgin ruwa, wadda kowa ke kira BL. Ita ce rasit ɗin da ke nuna kamfanin jirgi ya karɓi kaya, ita ce shaidar yarjejeniyar dako, kuma ita ce ke nuna mai iko da kayan. Bisa al'ada ana fitar da asali guda uku, kuma ba a sallamar kaya sai an miƙa asali, ko kuma mai aikowa ya mayar da su a can ya ba da umarnin a sallama a nan ta saƙo, abin da ake kira teleks. Kafin a buga ta ka nemi a turo maka daftarin, ka duba sunanka a gurbin mai karɓa, da lambar kwantena, da lambar hatimin da aka rufe ta da shi, da adadin kwali da nauyi, ka gwada su da jerin kaya. Gyara a daftari kyauta ne, gyara bayan jirgi ya tashi kuwa sai da kuɗi. Kayan da suka zo ta jirgin sama suna da tasu takardar, sai dai ita ba ta mallaka ba ce, sunan da ke kanta kawai ake bi a miƙa kaya. Idan kana neman sassaucin haraji saboda ƙasar da kayan suka fito, sai ka haɗa da takardar shaidar asalin kaya.

Yawancin ƙananan 'yan kasuwar Kejetia da Adum ba sa cika kwantena su kaɗai, haɗaka suke yi, kuma a haɗaka babbar BL tana ɗauke da sunan kamfanin da ya tara kayan ne. Wanda ya bi wannan hanya ya nemi ƙaramar BL ko rasit mai sunansa da adadin kwalayensa da alamar da aka rubuta a jikinsu, ya kuma fayyace a rubuce ko kuɗin da ya biya ya haɗa da fito. Ya sani kuma cewa haramtaccen kayan mutum ɗaya yana iya tsayar da kwantenar mutum talatin.

Daga kwamfuta zuwa ƙofar tasha

Tun watan Yunin 2020 harkar kwastan a Ghana ta koma kan manhajar ICUMS, wadda aka gina bisa tsarin kwastan na Koriya ta Kudu, kuma ta nan ake shigar da kusan komai. Dokar Kwastan ta 2015 ita ce ginshiƙin aikin. Mafi yawan mutane suna bi ta hannun ejan mai lasisi, kuma kafin ka damƙa wa wani takardunka ka ga lasisin kamfaninsa da ofishinsa, ka tambaya ko yana cikin ƙungiyar masu wannan sana'a ta GIFF ko CUBAG, domin a bakin tashar Tema akwai masu yawo da jaka waɗanda aron sunan wani kamfani suke yi, ranar da matsala ta taso kuma ba a ganin ƙeyarsu.

Ejan zai fara da ƙirƙirar lambar UCR, wadda ita ce ke ɗaure duk takardun wannan kaya wuri ɗaya, sannan ya cike fom ɗin bayyana shigo da kaya na IDF na Ma'aikatar Ciniki, wanda banki ma ke nema idan za ka tura kuɗi. A ƙarƙashin lambar ne ake neman izinin FDA ko GSA ko duk hukumar da abin ya shafa. Daga nan sai babbar takardar bayyana kaya ga kwastan, wato BOE, a liƙa mata inbois da jerin kaya da BL da izini. Jami'an tantance lamba da daraja za su duba, su amince ko su yi tambaya ko su gyara, sannan manhajar ta fitar da takardar abin da za a biya. Ana iya yin duk wannan jirgi yana kan teku, kuma haka ya kamata a yi, domin wanda ya jira sai jirgi ya iso ya riga ya fara cin kwanakinsa na kyauta.

Kuɗin fito ana lissafa shi ne a kan farashin kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, a mayar da shi sidi bisa canjin da kwastan ke amfani da shi. A matsayin misali, idan kaya na dala 10,000 ne, jigila 1,800, inshora 200, darajar ta zama 12,000, kuma idan suna rukunin kashi 20 kuɗin fito zai kama 2,400. Harajin VAT na kashi 15 ba a kan 12,000 ake ɗora shi ba, sai bayan an haɗa da kuɗin fito, don haka ba zai gaza 2,160 ba. Akwai kuma harajin inshorar lafiya da na asusun ilimi na GETFund, kowanne kashi 2.5, da na ECOWAS kashi 0.5, da na Tarayyar Afirka kashi 0.2, da wasu ƙananan caji. Waɗannan suna sauyawa da kasafin kuɗin gwamnati, don haka lissafin bara ba ya aiki bana sai an sake dubawa. Shawarata ita ce ka karɓi takardar biyan da manhajar ta fitar ka biya da kanka a banki, ladan ejan kuma ka ba shi daban. Duk ejan da ya ce a ba shi dunƙulallen kuɗi ba tare da nuna takardar ba, akwai abin da ba ya so ka gani.

Biyan kwastan ba shi ne ƙarshe ba. Sai an je kamfanin jirgi an biya cajinsu na gida da kuɗin jinginar kwantena, an miƙa BL, su ba da takardar sallama, sannan a biya cajin wurin da kwantenar take, ko a sabuwar tashar MPS da aka buɗe a 2019 ko a wani filin ajiya. Manhajar ce ke zaɓar yadda za a binciki kaya gwargwadon haɗari: wasu a sallame su bisa takardu, wasu a haska su da na'ura, wasu a buɗe a zazzage a gaban jami'an kwastan da na FDA ko GSA. Idan za a buɗe, ka kasance a wurin ko ka tura wanda ya san kayan, ya ga lambar hatimi ta yi daidai da ta BL kafin a yanke shi. Lokaci kuwa ba ya jira: kwanakin kyauta yawanci bakwai ne, daga nan kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi da hayar fili su fara hawa kullum. Kayan da ba a fitar ba cikin kwana 30, ko 21 ga masu saurin lalacewa, ko 60 ga motoci, suna shiga jerin waɗanda gwamnati ke iya ƙwacewa ta yi gwanjonsu.

Mu na Kumasi muna da ƙarin lissafi, domin tsakaninmu da Tema ya haura kilomita 250, tashar tudu ta Boankra kuma da aka daɗe ana jira ba a kammala ta ba. Kwanakin da kwantena za ta yi a hanya zuwa sito da komawa fanko duk ana ƙirga su, don haka tun wajen ciniki ka nemi a ƙara maka kwanakin kyauta a rubuce, ko ka sauke kayan a Tema ka loda a wata mota. Direba ya riƙe kwafin BOE da rasit ɗin biya da takardar fita, saboda shingayen kwastan da ke hanya, kuma a karɓi shaidar mayar da kwantena, domin da ita ake karɓo kuɗin jingina.

Idan kai ne mai fitarwa

Mai fitar da doya ko man kaɗe ko kashu ko kayan saƙa yana bukatar rajistar kasuwanci da lambar haraji kamar mai shigowa, sannan ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta GEPA, wadda aka kafa a 1969. Abu na farko da zai nema daga mai saye shi ne rubutaccen jerin takardun da ƙasarsa ke bukata, domin a can ne za a karɓi kayan ko a mayar da su. Amfanin gona yana bukatar takardar lafiyar tsirrai daga PPRSD bayan an duba shi, abincin da aka sarrafa yana bukatar shaidar FDA ko GSA, katakon da aka ɗora kaya a kai ma sai ya kasance mai hatimin ISPM 15 da ke nuna an kashe ƙwarin jikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: daga watan Oktoban 2015 zuwa ƙarshen 2017 Tarayyar Turai ta hana shigar barkono da gauta da wasu kayan lambu daga Ghana saboda ƙwarin da aka yi ta samu a cikinsu, masu gaskiya da masu sakaci duka suka yi asara. Koko yana hannun hukumar koko ta COCOBOD, zinariya tana hannun hukumar GoldBod da aka kafa a 2025, katako sai da izinin Hukumar Gandun Daji, ɗanyen kashu da kaɗanya kuma sai da rajista da izinin hukumar TCDA mai kula da itatuwan amfani. Gwamnati na iya dakatar da fitar da wani kaya kwatsam, kamar yadda ta yi wa masara da shinkafa da waken soya a watan Agustan 2024 saboda farin da aka yi a arewa, don haka a tambaya kafin a sa hannu a kwangila.

Yanzu kai ne mai rubuta inbois da jerin kaya, kuma duk tsantsenin da ka nema daga mai sayar maka ya dawo kanka. Takardar shaidar asalin kaya ana samun ta ta hannun majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ta GNCCI, kuma ita ce ke buɗe ƙofar sassauci a ƙarƙashin kasuwar bai ɗaya ta Afirka, AfCFTA, wadda sakatariyarta ke Accra kuma aka buɗe cinikinta ranar 1 ga Janairun 2021. Ejan zai ƙirƙiri UCR, ya shigar da bayanin fitarwa a ICUMS, kwastan su duba kaya lokacin lodi su rufe kwantena, a kuma ba kamfanin jirgi tabbataccen nauyinta kafin a ɗora ta. Takardar da aka fi mantawa da nauyinta ita ce ta alkawari ga Babban Bankin Ghana, wato LOC, wadda da ita kake ɗaukar nauyin dawo da kuɗin kayan ta banki cikin wa'adin da aka ƙayyade, bisa Dokar Canjin Kuɗi ta 2006. Wanda ya karɓi kuɗinsa a hannu a waje, ko ya juya shi ya sayo wasu kaya ba tare da ya bi ta banki ba, alkawarin zai ci gaba da zama a buɗe da sunansa har a hana shi sake fitar da kaya. Kada kuma ka bari wani ya fitar da kayansa da sunan kamfaninka, domin kai za a tambaya.

Ta kan iyakokin tudu

Mutanenmu da yawa ba su da harka da teku, ta Paga da Hamile da Aflao da Elubo suke bi da albasa da tumatir da shanu da goro. Tsarin sassauta ciniki na ECOWAS, wato ETLS, ya yafe kuɗin fito ga kayan da asalinsu na yankin ne, kuma amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa bukatar takardar shaidar asali, amma wannan bai ɗauke takardar lafiyar tsirrai ko ta likitan dabbobi ko bayyana kaya ga kwastan ba. Kayan masana'anta kuwa sai an amince da kamfanin da kayan a cikin tsarin tukuna. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko da yake ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsarin har zuwa wani lokaci, mai lodin albasa daga Galmi ya tabbatar da abin da ake aiki da shi a iyaka kafin mota ta taso. Mai kai kaya Najeriya ya tabbatar abokin cinikinsa ya buɗe Form M, wato fom ɗin shigo da kaya na Najeriya, a bankinsa, motar kuma ta riƙe katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa. Kayan da aka sauke a Tema domin wucewa Wagadugu ko Yamai suna tafiya ne da takardar ratse da lamuni, kuma sai ofishin iyaka ya tabbatar da fitarsu a manhaja kafin a sake lamunin. Sauke su a Kumasi fasa ƙwauri ne a idon doka.

Bayan kaya sun shiga sito ko sun isa hannun mai saye, ka karɓi cikakkun kwafi daga ejan, ka buɗe wa kowane lodi fayil ɗinsa da lambar UCR a bango, ka jera furofoma da inbois da jerin kaya da BL da izini da BOE da rasit ɗin banki da na tasha, ka kuma ɗauki hotonsu ka adana a wani wuri da ba shagon ba, saboda gobarar kasuwa. Dokar Gudanar da Haraji ta 2016 ta wajabta ajiye bayanan kasuwanci har shekara shida, kuma kwastan suna da sashen da ke bin diddigin kaya bayan an sallame su, wanda ke iya zuwa shagonka ya nemi takardun kwantenar da ka sayar da kayanta tuntuni, kuma mai kayan zai tambaya, ba ejan ba.